Wa Zai Rubuta Tarihin Soron Ɗinki?

Kano ba ta rasa rubutaccen tarihi ba. Akwai tsohon kundin Larabci da ya jero sarakuna tun daga Bagauda, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Akwai Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, ga kuma rubuce-rubucen Dakta Muhammad Uba Adamu. Daga irin waɗannan ne muka san cewa Gijimasu ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta, ya gina fada, ya kafa Kasuwar Kurmi. Amma shiga unguwar Soron Ɗinki ka tare saurayi, ka tambaye shi wa ya gina masallacin da yake salla a ciki, ko a hannun wa kakansa ya koyi riƙe allura. Da wuya ka samu amsa.

Dalili kuwa, yawancin abin da aka rubuta labarin fada ne da yaƙi da naɗin sarauta. Alhali arzikin birnin a cikin lunguna aka ƙera shi. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga nan duk shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Ya faɗi kuɗin, amma sunayen masaƙa da marina da mabuga da maɗinka ba su shiga littafinsa ba. Wanda ya zana aska takwas a gaban riga, da wanda ya shafe watanni yana cike ta da zaren tsamiya, mutanen unguwa ne masu suna da zuriya, kuma jikokinsu na nan da rai. Sunan Soron Ɗinki kansa shaida ne na sana'ar, kamar yadda Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa ke nuna waɗanda suka zauna a can.

A Ingila, ƙauyuka da yawa suna da ƙungiyoyin sa-kai masu binciken tarihinsu. Sun samu sauƙi, domin tun 1538 aka umarci majami'u su riƙa rubuta bikin suna da aure da jana'iza. Mu namu a warwatse yake: takardar cinikin gida da ajami a ƙasan adaka, wasiƙar fatake, salsalar malamai, sunan marubuci a ƙarshen Alƙur'ani rubutun hannu, hoton ɗaurin aure da ya fara dusashewa. Gara da damina suna cin rabonsu kowace shekara, ana rushe soraye ana gina shaguna, dattawan da suka san wane gida ne na wane kuma suna ta tafiya.

An taɓa gwada aikin tattara irin wannan tarihi a nan, ya kuma yi albarka. A 1975 Yusufu Yunusa ya zaga da rikoda yana naɗar hira da tsofaffin Kano, kuma masana irin su Paul Lovejoy sun dogara da waɗannan kaset-kaset wajen rubuta tarihin bauta da noma a ƙasar Kano. Yau abin da ya fi waccan rikoda kyau yana aljihun kowane matashi.

Sai dai aikin yana son ladabi da haƙuri. A fara da mai unguwa da liman, don a shiga gidaje ta ƙofa. Kada a tsaya ga bakin mutum ɗaya, domin kowa gidansu yake ɗagawa. A ji daga wane, a gwada da na wane, a rubuta sunan mai magana da ranar da ya yi ta. A sa 'yan mata cikin tafiyar, saboda tsofaffin mata a cikin gida su ne suka riƙe zaren dangantaka da auratayya, su ne kuma aka fi mantawa da su. Takarda a ɗauki hotonta a bar wa mai ita. Akwai kuma zancen asali da rikicin gado, inda kalma guda kan raba zumunci. Abin da dattijo ya ce amana ne, a bar shi amana.

Abin da aka tara kuma a mayar wa masu shi: ƙaramin littafi, zama a makarantar Islamiyya, shiri a rediyo, shafi a Wikipedia ta Hausa. A ajiye kwafi a Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero.

Matasan Soron Ɗinki, ƙungiyar da ke yashe kwata da tara kuɗin taimakon marayu za ta iya wannan ma. Ku ware mutum biyar, ku rubuta sunayen dattawan unguwa, ku fara da mafi tsufa a cikinsu tun wannan makon.