Kafin ka sayo injin faskare

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gas ɗin girki ma ya yi tsada, gidaje da yawa a Sakkwato sun koma murhu. Kasuwar itace ta buɗe, sai wasu masu sana'ar suka fara kwaɗayin injin faskare, irin wanda suke gani a waya yana tsaga gungume kamar ana yanka sabulu. Wani mai itace a Sabon Gari ya tara kuɗinsa ya sa aka kawo masa ƙarami mai aiki da lantarki, mai ƙarfin tan 7. Yanzu yana jingine bayan rumfa an lulluɓe shi da buhu, masu gatari sun koma bakin aikinsu.

Bai tsaya ya tambayi wane itace ake tsagawa a bidiyon ba. Yawanci icen Turai ne mai laushi, miƙaƙƙe, an yanka shi daidai da zarto. Namu kuwa kirya ce da marke da bagaruwa, masu tauri, masu gaɓoɓi, a karkace. Ƙaramin inji yana cin karo da kirya sai ya tsaya yana kuka. Ga wutar da ba a san lokacin zuwanta ba, in ta zo ma wani lokaci ba ta da ƙarfin tayar da shi.

Wanda ya dage sai ya saya, to ya nemi mai amfani da fetur, daga tan 20 zuwa sama, wanda injinsa irin na famfon ban-ruwa ne da manoman fadama ke aiki da shi. Irinsa kowane makanike a garin nan ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma ba sa wuya. Ya tambayi inda zai samu tiyo da robobin da ke hana mai yoyo, domin zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, yana tsinka man haidirolik, ƙura kuma tana cin robobin. Ya kuma sani cewa injin tsagawa kawai yake yi, ba ya yanka. Sai an fara gutsuttsura itacen da zarto, wannan ma wani kuɗin ne. Idan masu gidan burodi ne manyan masu cinikinka, su da ke son itace manya-manya, ƙila ma ba ka da bukatar injin.

Amma asarar kuɗi ba ita ce ta fi damuna ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake aiki da shi. Mai gida yana riƙe da liba, yaro yana ɗora gungume yana tallafe da shi da hannu biyu. Mai gida na hira da mai saye, ko yana amsa waya, ya ja liba bai duba ba. Ƙarfen da ke tura kirya da ƙarfin tan 20, me yatsan yaro zai tare masa? Da yawa daga cikin injinan nan an ƙera su ne yadda sai ka sa hannu biyu kafin su motsa, don kada hannu ɗaya ya saura kan itace. Mu kuma da wayonmu sai mu ɗaure ɗaya da roba, wai aiki ya fi sauri. Kuma yaran da ake sawa galibi almajirai ne da ake biya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In yatsa ya tafi, sai a ce ƙaddara ce, a kai yaron asibitin ƙashi na Wamakko, alhali ganganci ne tsagwaronsa.

Mutum ɗaya ne zai ɗora itace, shi ne kuma zai ja liba. A riƙe gungume ta gefe, ba ta bakinsa ba, a sake shi kafin ƙarfe ya taso. In itace ya maƙale, a kashe injin tukuna, a buge itacen da guduma. Kada a tura yatsa cikin tsagar da ta buɗe, tana iya komawa ta datse. Sauran yara su ja da baya, don busasshen itace kan yi tsalle in ya fashe.

Akwai kuma wani injin da masu walda ke haɗawa, mai ƙarfe mai tsini da ke juyawa kamar sukuru. Araharsa ce ke jan mutane, amma ba shi da birki. In ya kama hannun riga ko bakin rawani, sai ya nannaɗe har da mai shi kafin wani ya kai ga kashe shi. Da jallabiya ko babbar riga kada ka kusance shi.

A injin haidirolik kuwa, in ka ga alamar mai yana tsartuwa daga tiyo, kada ka lalubi wurin da hannu. Man yana fitowa da ƙarfin da zai huda fata ya shiga nama, raunin ƙarami ne a ido amma yana iya kaiwa ga yanke yatsa. Ka kara kwali ka gane wurin, wanda kuma man ya huda a garzaya da shi asibiti a take, kada a jira sai ya kumbura.