Daga Littafi Zuwa Majigi: Yadda Labarin Bambi Ya Sake Kama

Duk labarin da aka ɗauko daga takarda aka kai shi majigi, tilas ne ya yi asarar wani abu, ya kuma sami wani. Abin lura shi ne irin abin da aka zubar, domin a nan ne manufar mai fim take bayyana. Labarin Bambi, ɗan barewar nan da yara suka sani a faɗin duniya, kyakkyawan misali ne.

Felix Salten, wani marubuci Bayahude mazaunin birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, shi ne ya wallafa littafin da Jamusanci a 1923. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1928. Gwamnatin Nazi ta Jamus ta haramta shi a 1936, daga baya shi kansa marubucin ya yi gudun hijira zuwa Suwizalan, inda ya rasu a 1945. Kamfanin Walt Disney na Amurka ya fitar da fim ɗinsa na zane a 1942, mai tsawon kimanin minti 70.

Canji na farko ya shafi dajin kansa. A littafi, daji wuri ne na tsoro da yunwa, inda dabba take cin dabba. Alal misali, da sanyi ya tsananta, hankaki suka taru a kan ɗan zomo marar lafiya suka kashe shi. A fim kuwa, mujiya da zomo aminan juna ne. Har ma an ƙaro wa Bambi abokan wasa biyu, wato Thumper ɗan zomo da Flower ɗan bodari, domin ba da dariya. An kuma zana Bambi da manyan idanu da faffaɗan goshi irin na jariri, don zuciyar mai kallo ta karkata gare shi. Ta haka aka kwashe mugunta duka daga cikin daji, aka ɗora wa mutum shi kaɗai, abin da ya sa mafarautan Amurka suka yi kuka da fim ɗin tun fitowarsa.

Canji na biyu shi ne fitar da Gobo, ɗan'uwan Bambi. A littafi, wani maharbi ya tsinci Gobo, ya kai shi gida, ya ciyar da shi. Da ya komo daji sai ya riƙa yabon mutum yana alfahari da abin wuyan da aka ɗaura masa. Ranar da ya hangi maharbi, ya tafi wurinsa da sakin jiki, aka harbe shi. Darasin a fili yake: wanda ya saba da tuwon mai zaluntarsa yakan manta da hanyar gudu. Fim bai ko ambaci sunan Gobo ba.

Canji na uku, wanda ya fi nauyi, yana ƙarshen labari. Dabbobin littafi sun ɗauka mutum ba ya mutuwa, sai da tsohon barewa ya ja Bambi ya nuna masa gawar wani maharbi kwance cikin jini. Nan Bambi ya gane cewa akwai wani da yake bisa dabba da mutum gaba ɗaya, daga nan kuma ya ci gaba da rayuwar kaɗaici. A fim ba a taɓa nuna mutum ba, rayayye ko matacce. Aka musanya wannan da gobarar daji, aka rufe da haihuwar tagwaye, ga Bambi tsaye a kan dutse a matsayin mahaifinsa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ba za a ce fim ɗin bai yi tasiri ba, domin mutuwar uwar Bambi, wadda ƙarar bindiga kawai aka ji, ta sa yara masu yawa hawaye. Amma littafin da masana da dama suke ɗauka a matsayin hoton halin waɗanda ake farauta a cikin al'umma ya koma labarin ƙaunar iyali. Saboda haka, malami ko jami'in ilmi da zai zaɓar wa makaranta fim a madadin littafi, ya kamata ya fara tambaya: mene ne aka cire, kuma don me?