Ɓacewar alamar batir a laftof: kanikawan Magazin, a duba geji kafin a sauya tanki

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu gyaran kwamfuta a Adum da kewayen Kejetia a birnin Kumasi ba su huta ba. Kowa na son a ɗora masa Windows 11, har da masu tsofaffin injinan da kamfanin ya ce ba su cancanta ba. Daga nan wata magana ta fara zagaya shagunan Suame Magazine, ta gangaro Aboabo da Tafo Zongo: wai sabuwar manhajar tana kashe batirin tsohuwar laftof da gangan, don a tilasta wa talaka sayen sabuwa. Hujjar masu wannan magana ɗaya ce. Ɗan hoton batirin nan da ke kusa da agogo, a ƙasan allo ta hannun dama, ya ɓace.

Da a wani wuri ake wannan zance da sai a yi uzuri. Amma a Magazin, inda tun shekarun 1930 ake kwance inji a mayar, inda ake ƙiyasta masu sana'a sun kai 200,000, abin da ɗan takaici. Babu bakaniken da direba zai zo masa da mota ya ce allurar gejin mai ta kwanta, shi kuma ya ce a sayo sabon tanki. Ko yaron shago da ya yi wata shida yana miƙa sifana ya san akwai abin da ke yawo a kan mai cikin tanki, akwai wayar da ke kai saƙo, akwai fis, sannan akwai allurar da ke gaban direba. Ɗaya daga cikinsu ya samu matsala, allura ta kwanta, alhali tanki cike yake har wuya. To haka laftof take, ba ragi ba ƙari. Sai ga masta guda, mai yara goma a ƙarƙashinsa, ya ɗauki kuɗin cefanen sati ya kai wa mai shago don hoto ya ɓace.

A cikin kowane batirin laftof akwai ɗan guntun allon lantarki da ke lissafa wutar da ta shiga da wadda ta fita. Kamfanonin Duracell da Intel ne suka fito da wannan tsari a 1994. Guntun yana aika lissafinsa ga wani ƙaramin mai kula da ke kan babban allon kwamfutar, shi kuma ya miƙa wa Windows ta wata ƙa'ida da ake kira ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a Disamban 1996. A ƙarshe manhajar Explorer, mai zana layin ƙasan allo, ita ke nuna hoton. Hannu huɗu ke nan saƙo yake bi kafin ya iso idonka, kuma na farko ne kawai yake cikin batirin. Wanda ya sake wa kwamfuta Windows cikin gaggawa, yana da mutum biyar a kan benci suna jira, sau da yawa yakan bar ɗaya daga cikin hannayen nan bai haɗu ba.

Gwajin farko ba ya cin ko pesewa ɗaya. Kunna kwamfutar, ka zare cajar. In ta ci gaba da aiki, batirinka na da rai, zance ya ƙare. Daga nan ka danna 'yar kibiyar da ke kallon sama kusa da agogo, domin wani lokaci hoton can yake ɓoye, yaro ne ya ja shi da linzami bai sani ba. A Windows 10 akwai makunni a cikin Settings, ƙarƙashin Personalization sannan Taskbar, inda ake kunna Power ko a kashe. Windows 11 ba ta da wannan makunni, saboda haka in hoton ya ɓace a cikinta, ba wanda ya kashe shi, saƙon ne bai iso ba.

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ba laifinsu ba. Sai su ce sun kashe sun kunna har sau uku, ba abin da ya sauya. Tun daga Windows 8, idan ka danna Shut down kwamfutar ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana adana wani sashe na halin da take ciki don ta tashi da sauri, har da matsalar. Restart ne yake share komai ya fara daga tushe. In wannan bai yi ba, ka buɗe Device Manager, ka shiga Batteries. Za ka ga layuka biyu, ɗaya na caja, ɗaya mai dogon suna, Microsoft ACPI-Compliant Control Method Battery. Danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi Uninstall device, ka yi Restart. Windows za ta mayar da shi da kanta. A tsofaffin Dell da HP da ThinkPad masu batirin da ake zarewa ta baya, a cire batir da caja, a danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti, a goge bakin ƙarafan da ƙurar Magazin da baƙin mai suka rufe, a mayar.

Me ya sa wannan ɗan hoto ya dami bakanike fiye da ɗalibin jami'ar KNUST? Domin motar yau da kwamfuta ake yi mata magana. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da ramin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi baya a 2001, kuma waɗannan motocin ne ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema. Mai Toyota na buƙatar Techstream, mai Benz na buƙatar Xentry, duk a kan laftof da aka ɗora bisa kujerar direba. Karanta lambar matsala ba shi da haɗari. Amma idan ana sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwar mota, kwamfuta ta mutu a tsakiya, ƙwaƙwalwar na iya sumewa, motar da ta shigo da ƙafarta sai an ja ta. Wanda ya rayu cikin dumso, wato yawan ɗauke wuta na 2015, ya san wutar kamfanin lantarki na ECG ba ta sallama in za ta tafi. Don haka bakaniken da ke wannan aiki ba tare da ganin yawan cajinsa ba, caca yake yi da motar mutane.

Sai dai a ganina haɗarin da ya fi girma yana wajen waɗanda hotonsu bai ɓace ba. Suna ganin 100% sai hankali ya kwanta. Wannan adadi na abin da batirin yake iya ɗauka ne a yau, bayan shekarun da ya yi a wani ofis a Jamus ko Ingila kafin ya hau jirgin ruwa. Batirin litiyam, irin wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, yana raguwa da kowane caji, kuma zafi na gaggauta tsufansa. A tuna da laftof da ake bari cikin mota a rana tsaka. Akwai hanyar kama gaskiya. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, kwamfutar za ta ba ka rahoto. Duba layuka biyu: Design capacity, wato ƙarfinsa ranar da aka ƙera shi, da Full charge capacity, ƙarfinsa na yanzu. Idan na farko ya ce 48,000 na biyu ya ce 15,000, cikarsa ba ta kai sulusin ta asali ba, ko da hoton ya cika fal. Mai shagon da ya hana ka yin wannan gwaji kafin ka biya, ya riga ya gaya maka abin da rahoton zai ce.

In kuwa batirin ya kumbura har ya ɗaga madannai, ko wurin da ake shafawa da yatsa ya taso, to an wuce maganar hoto. A daina cajinsa, kada a huda shi, kada a jefa shi cikin tarin ƙarafan da ake ƙonawa, domin wutarsa ba ta mutuwa da sauƙi. Gana ta yi dokar sharar lantarki a 2016, doka mai lamba 917, har da harajin da aka sa wa kayan lantarki masu shigowa. Takarda ta yi kyau. Amma ka tsayar da yaron shago a Magazin ka tambaye shi inda ake kai mataccen batir, zai nuna maka mai kura da sikeli. Ƙungiyar SMIDO, wadda aka kafa a 2006 don ciyar da masu sana'ar gaba, da majalisar ƙaramar hukumar Suame, za su iya ajiye durom guda mai murfi a kowane yanki, su sanar da mutane da Hausa da Twi.

Kafin a kai ga wannan, mastoci, ku koya wa yaranku zare caja da karanta rahoton batir kamar yadda kuke koya musu duba filogi. Kuma kada wanda ya taɓa ƙwaƙwalwar motar mutane sai ya ga adadin cajinsa da idonsa.