Kiɗan Gargajiya a Cikin Na'ura: Wa Ya Sa Shi, Wa Ya Ci Riba?

Shekara talatin da suka wuce, idan aka ce an haɗa kiɗan na'ura da na gargajiya, to wani Bature ne ya zauna a sitidiyo, ya tsamo muryar wata tsohuwa daga faifan bincike, ya ɗora ta kan gangar kwamfuta, ya kai kasuwa. Yau kiɗan da ya fi rai a wannan fage a Bamako da Darussalam da Gulu da Yamai ake haɗa shi, kuma 'yan unguwa ne ke haɗawa don bikin unguwarsu. Ana yawan cusa waɗannan biyu a buhu ɗaya, alhali dalilansu daban, sakamakonsu ma daban.

Na farkon ya bar tabo. A 1992 wasu Faransawa biyu, Eric Mouquet da Michel Sanchez, suka fito da "Sweet Lullaby" da sunan Deep Forest. Muryar da ta ɗauki waƙar ta wata mata ce mai suna Afunakwa daga tsibiran Solomon, tana waƙar reno, wadda masanin kiɗa Hugo Zemp ya naɗa wajen 1970. Faifan ya zaga duniya ba tare da sunanta ba, har masu saurare da yawa suka ɗauka daga dazukan tsakiyar Afirka muryar ta fito. Haka ƙungiyar Enigma ta yi da muryar Difang da matarsa Igay, tsofaffin manoma 'yan ƙabilar Amis ta Taiwan, a waƙar "Return to Innocence". Sai da aka yi tallar wasannin Olamfik na 1996 da waƙar sannan maganar ta fito fili, suka kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu.

Na biyun kuwa tsadar biki ce ta haife shi, ba sha'awar baƙo ba. A arewacin Yuganda, inda yaƙin 'yan tawayen LRA ya tarwatsa ƙauyuka ya talauta mutane, ɗauko cikakkiyar ƙungiyar makaɗan Acholi zuwa aure ya gagari iyalai da yawa. Mawaƙi Otim Alpha da mai haɗa masa kiɗa Leo Palayeng suka kwaikwayi kiɗan auren da manhajar Fruity Loops, suka ƙara masa sauri, suna saka sunayen ango da amarya da danginsu. A Bamako, tun ƙarshen shekarun 1990, masu amsa-kuwwa suka maye gurbin makaɗan balafon a bukukuwan kan titi, da farko da kaset, daga baya da kiɗan da suka yanka suka sake ɗinkawa, abin da ake kira Balani Show. Singeli na unguwannin talakawan Darussalam ya yanko daga taarab da wasu kaɗe-kaɗen bakin teku, ya zuba musu gudun da kan wuce bugu 200 a minti ɗaya. Ko Omar Souleyman na Siriya, kafin Turawa su san shi, mawaƙin aure ne da mai fiyano ɗaya ke yi masa aikin ƙungiya guda. Ko'ina lissafin ɗaya ne: mutum ɗaya da kwamfuta da janareta ya fi makaɗa goma sauƙin ciyarwa da sallama.

Sahel ba 'yar kallo ba ce a nan. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da wani ogan ɗan Italiya mai suna Orla, yana fitar da karin waƙoƙin Nijar, kuma shekara da shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasar. A 2008 Mdou Moctar, Buzu mai garayar Bature, ya zo Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a sitidiyo irin na waƙoƙin fim, da gangar na'ura da Auto-Tune mai sa murya rawa. Waƙoƙin suka bi Bluetooth da memori daga waya zuwa waya har Kidal, inda Ba'amurke Christopher Kirkley yake tattara abin da ke cikin wayoyin mutane. Ɗaya daga ciki ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones na 2011. Wato sautin da ya fara fitar da Mdou Moctar duniya, na Sakkwato ne.

A ƙasar Hausa abin da fiyano ya yi ya wuce sauƙin kuɗi, kuma nan ne na fi ganin nauyin lamarin. Kiɗa a wurinmu sana'ar gado ce, mai ɗauke da sunan roƙo. Ɗan malam ko ɗan attajiri ba ya rataya kalangu, ko da kunnensa ya fi na kowa. Da fiyanon Yamaha ya shigo sitidiyoyin Kano a shekarun 1990, sai aka samu kayan kiɗan da ba na gidan kowa ba. Mai danna shi ba maroƙi ake ce masa ba, ma'aikacin sitidiyo ne. Ta wannan ƙofa matasa birjik suka shigo, maza da mata, waɗanda da a da ne iyaye ba za su bari ba. Wanda ke kukan fiyano ya kashe al'ada ya kamata ya sa wannan a ma'auni.

Amma kukan ba na banza ba ne. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matsa tsarkiya a hammata, sauti ya hau ya sauka bisa karin harshe, mai take ya ji takensa tun daga nesa ya miƙe. Kalangun da ke cikin fiyano bugu ne da aka naɗa sau ɗaya, ana maimaita shi. Yana da amon kalangu, ba ya faɗin komai. Goge da kukuma kuma suna zamewa tsakanin sautukan da fiyano ya rarraba gida goma sha biyu, don haka duk karin da aka ɗora kan fiyanon da aka bari yadda kamfani ya saita shi, sai an miƙar da shi. Larabawa sun tilasta wa kamfanoni yi musu fiyano mai maɓallan da ke ba da sautukan tsakani na kiɗansu, shi ya sa kiɗan auren Siriya bai rasa ɗanɗanonsa ba da ya shiga na'ura. Sai kuma asarar da ba a ji a faifai: kowane bikin da DJ ya karɓa, rana ce da yaron makaɗi bai tsaya bayan ubansa ya koya ba. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma filin da ya reni irinsu shi ne ke ƙanƙancewa.

Batun kuɗi ya gyaru, bai warke ba. Kamfanin Sahel Sounds na Kirkley, wanda ya sake fitar da kaset ɗin Mamman Sani a 2013, yana neman mai waƙa ya sa sunansa ya biya shi. Nyege Nyege na Kampala, wanda ya fara bikinsa a Jinja a 2015, ya kai Otim Alpha da 'yan singeli dandalin Turai, ya kuma tsallake yunƙurin majalisar Yuganda na hana bikin a 2022 bisa zargin ɓata tarbiyya. Wannan ya fi zamanin Deep Forest nesa ba kusa ba. Sai dai duka biyun baƙi ne suka kafa su, kuma abin da ke fita waje shi ne abin da kunnen baƙo ya ji ya burge shi. Mawaƙin da miliyoyin Hausawa ke saurare na iya ƙare rayuwarsa bai shiga wannan zaɓe ba, abincinsa na biki da siyasa, waƙarsa kuma masu tura waƙoƙi a kasuwa na sayar da ita ba tare da ya ga sisi ba.

Abin da ya faru da Afunakwa na iya faruwa da mu, domin muryoyin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata suna yawo a intanet, kuma yanko su aikin minti kaɗan ne ga duk mai kwamfuta, Bature ko ɗan gida. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi kariya ga kayan al'adun gargajiya, amma doka ba ta neman wanda bai rubuta abinsa ba. Gidajen rediyon Kaduna da Kano da Yamai da ke riƙe da tsofaffin faifai, su zauna da magadan makaɗan nan, a rubuta wa ya yi me, wa ke ba da izini, wa za a biya. Masu sitidiyo kuma, idan waƙa na bukatar kalangu, ku kira mai kalangu ku naɗe shi, ku sa sunansa, ku sallame shi.