Abin da ya kamata ku sani game da Majalisar Dattawa da kujerun Borno uku

Mazaunin Maiduguri da ya jefa ƙuri'ar sanata, sanatan Borno ta Tsakiya yake zaɓa, mazaɓar da ta haɗa birnin da Jere da Konduga da Mafa da Dikwa da Bama da Ngala da Kala-Balge. Sauran biyun su ne Borno ta Arewa da Borno ta Kudu. Kowace jiha kujeru uku take da su, Abuja ɗaya, jimilla 109. Wato Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Bayelsa mai 8 murya ɗaya suke da ita a wannan zaure. Da gangan aka tsara haka, don kada manyan jihohi su danne ƙanana, tunda a Majalisar Wakilai mai kujeru 360 yawan jama'a ne ke raba kujeru.

Ba haka aka fara ba. Lokacin da aka kafa Majalisar Dattawa a 1960, ba talakawa ke zaɓen sanatoci ba, naɗa su ake yi daga yankuna, kuma Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko. Juyin mulkin Janairun 1966 ya rushe ta. A 1979 ne aka fara zaɓen sanatoci kai tsaye, biyar daga kowace jiha cikin 19, ƙarƙashin jagorancin Joseph Wayas, har sojoji suka sake dawowa a ƙarshen 1983. An ɗan gwada a 1992, bai yi nisa ba. Tun 1999 zuwa yau ba a sake rufe ta ba.

Borno ba ƙaramar rawa ta taka ba a can. Ali Modu Sheriff daga kujerar Borno ta Tsakiya ya zama gwamna a 2003. Kashim Shettima ya riƙe kujerar daga 2019 zuwa 2023 kafin ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Ali Ndume yana wakiltar Kudu tun 2011, ya taɓa zama shugaban masu rinjaye. A zaɓen 2023 Kaka Shehu Lawan ya ci Tsakiya, Tahir Monguno ya ci Arewa.

Inda nake so mai karatu ya tsaya shi ne aikinsu. Mun saba auna sanata da buhun shinkafar azumi da rijiyar burtsatse, alhali ikon da ke hannunsa ya fi haka nesa ba kusa ba. Su ne ke tantance ministoci da jakadu da shugaban hukumar zaɓe. Tare da Majalisar Wakilai suke amincewa da kasafin kuɗi, suna kuma da hurumin kiran kowace ma'aikata ta yi bayanin yadda ta kashe abin da aka ba ta. Dokar ta-ɓacin da Goodluck Jonathan ya sa wa Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013 sai da majalisun biyu suka amince da ita. Hukumar Raya Arewa maso Gabas, mai hedikwata a nan Maiduguri, da doka aka kafa ta a 2017. Duk wanda ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ta shafa yana da haƙƙin tambayar sanatansa ina aka kwana kan gyaran madatsar.

Wa'adin kujerar shekara huɗu ne, kuma babu iyaka ga yawan komawa. Mai takara sai ya kai shekara 35. Tsarin mulki ya ba da damar kiranye, idan sama da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu, hukumar zaɓe ta tabbatar, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Kafin zaɓe na gaba, ku tambayi mai neman ƙuri'arku ƙudirori nawa ya gabatar, kuma wace ma'aikata ya titsiye saboda Borno.