Kamannin Kalmomi da Asalinsu

Mai sayen sabulu da sukari a kasuwar Sanyinna ya kan zaci Turawa ne suka kawo sunayen nan, don Faransawa na cewa savon da sucre. Amma ba haka al'amarin ya ke ba. Daga Larabawa Hausawa suka karɓe su, watau sabun da sukkar. Shi sukkar asalinsa Hindiya, ya bi ta Farisa, Turawa ma daga Larabawa suka are shi. Sabun kuwa tushensa ɗaya da sapo ta Latinanci.

Haka takarda. Asalinta charta ta Latinanci, ta ƙetaro Sahara a bakin Abzinawa. Da Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903, kalmar ta sake shigowa da wata kama, aka ce kati.

Amma fa kama da wane ba ta wane. Mutu ta yi kama da mort ta Faransanci, alhali ba su haɗa komai ba. 'Yar'uwarta ta jini ita ce mata ta Larabci, domin Hausa da Larabci kakansu ɗaya. Saboda haka ba a yanke wa kalma hukunci da kunne kaɗai, sai an bi sawunta.