Yaya Ake Ƙidayar Kadoji Cikin Daji Mai Ruwa?

Makiyayi yana ƙidayar shanunsa da rana, a fili. To, yaya za a ƙidaya dabbar da ke ɓoye cikin ruwa?

Mu tafi Barazil, yankin kogin Amazon. A dajin Mamirawa, ruwa yana hawa kamar mita 10 kowace shekara, ya shiga cikin itatuwa. Nan baƙin kada yake zaune, wanda tsawonsa kan wuce mita 4. Mafarauta sun kusa ƙare shi saboda fatarsa, har gwamnati ta hana farautar ciniki a 1967.

Masu bincike suna jira ruwa ya janye, kadoji su taru cikin tafkuna. Da dare sai su shiga jirgin ruwa da fitila mai ƙarfi. Idon kada yana ƙyalli ja in haske ya same shi. Su ƙidaya, su raba da tsawon gaɓar da suka bi. Misali, kadoji 60 cikin kilomita 10, kowane kilomita yana da 6 ke nan.

Amma ku lura, fitila ba ta ganin wanda ya nutse. Don haka akwai dabara ta biyu. A kama 40, a yi musu shaida a wutsiya, a sake su. Bayan kwanaki a kama 30. In 10 cikinsu suna da shaida, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Ashe 40 ɗin farko kashi ɗaya ne cikin uku: tafkin yana da kamar 120.

Saura nauyi. Tsawon kada kamar bakwai ne na tsawon kansa, saboda haka ganin kai ya isa a kimanta jiki. In tsawo ya ninka biyu, nauyi yana ninkawa kamar takwas. Sai a kasa su ƙanana, matsakaita da manya, a haɗa kilo nasu duka.

Mene ne amfaninsa? Da irin wannan lissafi aka gane baƙin kada ya farfaɗo, har a 2007 ƙasashen duniya suka sassauta dokar cinikinsa ga Barazil. In aka ƙidaya fiye da gaskiya, za a kashe fiye da abin da daji ke iya mayarwa. Sai a ƙidaya tukuna, kana a yanke shawara.